Busasshiyar Ƙasar da Enos Ya Roƙa

Yayana Enos bai iya iyo ba, kamar yawancinmu da aka haifa a cikin jirgin ruwa. Ruwa ya ci babanmu a wani hunturu, ya dawo ya ci ƙanenmu, don haka tun yana saurayi abu ɗaya yake roƙo: in ya mutu a sa shi a busasshiyar ƙasa a bayan cocin ƙauyenmu, kada ko ɗigo ya taɓa shi. Har ya ishe mu da zancen. Matarsa Thirza takan ce, "Na ji, tsoho, na yi alkawari. In kana so ma sai in gasa ka a murhu kafin a rufe ka."

Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi a kusa da London, bayan sun sauke kwal. Mu 'yan jirgi ba ma sa gawarmu a mota. Jirgin mutum shi ke kai shi gida, duk wanda ya hango shi tafe kuma sai ya kauce, ya cire hula, ya buɗe masa ƙofar madatsar ruwa. Aka wanke cikin jirgin tas, aka ajiye akwatin gawar a can goshin jirgin ƙarƙashin tamfol.

Mijina Jabez ya ce wa Thirza, "Yaya, bari in riƙe miki sandar tuƙi."

"Kai da ko keke ba ka iya miƙe hanya da shi? Gurbin tsohona ne, ba mai tsayawa a nan sai ni."

Na ce mata taurin kan nan ba inda zai kai ta. Ta ce in ji da nawa. Haka muke da ita tun ranar da aka kawo ta, amma Allah ya sani ina ƙaunarta.

Shekara da shekaru aikinsu a rabe yake. In suka shiga ɗakin ruwa za su gangara, wato gurbin da ke tsakanin ƙofofi biyu inda ake rage ruwa jirgi ya yi ƙasa, ita ke dira waje da ƙarfen murɗi, ta rufe ƙofar baya, ta wuce ta gaba ta ɗage ƙananan tagogin da ke jikinta ruwa ya zube. Shi kuma yana kan sanda yana tura jirgin gaba da inji, saboda dakalin dutsen nan da ke ɓoye a gindin ƙofar baya. In bayan jirgi ya hau kansa ruwa na sauka, goshi ne zai nitse. Thirza ba ta waiwaye, don Enos bai taɓa ba ta dalilin waiwaye ba.

A wannan tafiyar, kafin ƙofa ta ƙarshe, ba ta sauka daga jirgin ba sam. Labari ya riga ta, duk ƙofar da ta isa sai ta tarar da mutanenmu suna jira, su yi mata komai tana tsaye a gurbinsa. Mu muka yi gaba, muka ɗaure namu jirgin a ƙasan ƙofa ta ƙarshe, wadda daga kanta ake hango hasumiyar coci. Jabez ya cika ɗakin da ruwa, ya bar mata ƙofar baya a buɗe, ya tafi wajen mai haƙa kabari. Sauran jama'a na can suna fama da baƙaƙen kayan makoki. Kowa ya ɗauka sai tsakar rana za ta iso, ita kuwa da hantsi ta iso.

Ina hawowa da butar shayi na ji ƙarar ƙarfe. Sai ga ta a kan ƙofar gaba, ta ɗage tagogin nan biyu har ƙarshe yadda Enos ke so, ta jingina da katako ta zuba wa coci ido. Ta ba jirgin baya, shi kuma ya sulale ya koma wajen dakali. Ba kowa a kan sanda.

Na yar da butar. "Yaya, dakali! Sauke tagogin!"

Ta juyo ta ga bayan jirgin a sama, farfela a fili. Ba ta ko motsa ƙarfen ba. Ta riƙe ƙugu, da muryar nan tata ta kullum ta ce, "Kai tsoho, barci kake yi ne? Tura shi gaba mana."

Na ga lokacin da ta tuna, kuma da ban gani ba da ya fi mini.

Muka afka wa tagogin, ita ɗaya ni ɗaya, muka sake su suka faɗi, amma goshin ya riga ya sunkuya. Ruwa ya tsallake gefe ya shiga ciki, baƙi ƙirin, da mai da ƙurar kwal. Tamfol ɗin ya kumbura ya lafa. Daga nan ba abin da ake gani a gaban jirgin sai kumfa.

Sai da yamma maza suka ciro akwatin da igiyoyi. Suka saɓa a kafaɗa, ruwa na zuba ta kusurwoyi yana bin wuyan Jabez, ya ja layi a kan hanya tun daga gaɓa har maƙabarta. Haushi ne ya cika ni, ban kuma san na wa ba.

Kabarin kuwa ya haƙu, ƙasa ja, a bushe ƙarau, daidai yadda ya roƙa. Limamin coci ya buɗe littafinsa zai fara, Thirza ta sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, a dakata. A buɗe mini shi."

"Baiwar Allah, ki yi haƙuri, rana ta kusa faɗuwa."

Ba ta ko dube shi ba. Jabez ya sa ƙarfe ya ɓalle murfin. Ta kwance mayafin ulun da ke kafaɗarta, ta durƙusa ta ce mini, "Maud, zo ki tallafe masa kai. Goge shi zan yi."

Na durƙusa na tallafe. Mayafin ya jiƙe sharkaf tun ba ta gama da fuskarsa ba.