Hayaƙi a Falon Gwaggo Fanne

A unguwar su Suhaib a Gashua, kullum tankin burtsatse sai ya cika ya yi ta ambaliya, layi ya zama taɓo, inji yana shan mai a banza. Ka yi magana, a ce haka aka saba. Babu maganar da ke ƙona wa Suhaib rai kamar wannan tun da ya dawo daga kwalejin fasaha. Ya ci alwashin sai ya haɗa abin da zai riƙa kashe famfon da kansa.

Ƙwaƙwalwar aikin wani ɗan cif ne na lantarki, baƙi mai ƙafafu, guda ɗaya tak da wani ɗan kasuwa ya taho masa da shi daga Kano. In ya ƙone, magana ta ƙare. Cif kuwa ba ya aiki sai an zuba masa umarni daga kwamfuta, na'urar zubawar kuma babu mai sayar da ita a kusa. Sai ya haɗa tasa. Ya farke matattun rediyoyi ya ciro kayan ciki, ya yi ta liƙi da dalma har yatsunsa suka yi bororo.

Kwamfutar da wayar na'urarsa za ta shiga tana Nguru, a falon Gwaggo Fanne, ƙanwar mahaifinsa. Mijinta ya saya ya lulluɓe da mayafi, ba mai taɓawa, kamar kayan jere. Suhaib ya isa bayan azahar, ya gaisa a tsaitsaye, ya yaye mayafin, ya jona. Umarni ya fara shiga, shi kuma ya ƙura wa allo ido, bai san wa ya shigo wa ya fita ba.

Sai ga hayaƙi yana tasowa ta gefen tebur. Ya fizge wayar, ya dafe kai yana salati.

Gwaggo ta shigo da shayi, ta ce, "Lafiya, Injiniya?"

"Ya ƙone, Gwaggo. Shi ke nan gare ni."

Ta sunkuya ta jawo kaskon turaren wuta daga ƙarƙashin tebur. "Baƙo ya shigo gidana ban turara shi ba? So kake a yi da ni a Nguru?"

Ya taɓa cif ɗin, sanyi ƙalau. Ya shinshina, ƙamshin sandal kawai. Dariya ta kama shi har da hawaye. Ya sake jonawa, umarni ya shiga tsaf, 'yar jar fitilar gwaji ta fara ƙiftawa. Gwaggo ta ce ai dama abu ba ya albarka sai da ƙamshi, karo na farko kuma Suhaib bai yi musu ba.

Ranar da famfon ya kashe kansa a Gashua, dattawan layin suka taru suna leƙa akwatin da ya saka cif ɗin a ciki. Wanda ya fi kowa cewa haka aka saba ya kai hanci kusa, ya ɗago, ya tambaya ko a gidan amarya aka haɗa shi.