Kukan Ɗan Fari

Malama Muhibbat na cikin raba wa 'yan aji biyar fensiran kala, sai hedimasta ya leƙo ta taga.

"Malama, ba banza na zaɓe ki ba," in ji Malam Ɗahiru. "Kaf makarantar nan babu mai tawakkalinki. Ranar jana'iza, wallahi ko ɗigon hawaye! Ke ya dace ki koya wa yaran nan lafiyar ƙwaƙwalwa."

Ta ce, "To, Malam."

Amsarta ke nan tun damina, da zazzaɓi ya ɗauke ɗanta. Ci abinci, to. Koma aiki, to. Kullum ta hau adaidaita daga Gyaɗi-Gyaɗi ta sauka Tarauni, ta dawo, ba ta iya tuna wanda ta zauna kusa da shi. Mutane sai yabonta suke, ita kuwa ta san ba haƙuri ba ne. Babu komai ne a ciki, kamar tukunyar da aka wanke aka kife.

Ɗan fari ne fa. Ita da ta tashi a hannun kakarta, ko sau ɗaya ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. A gaban surukai ko wasa ba ta yi masa. To wanda kunya ta hana ki kiransa yana raye, ta ina za ki fara kukansa a bainar jama'a? Ta danne a ranar, da niyyar in an watse ta yi. Aka watse, kukan ya ƙi zuwa.

Mutanen wata ƙungiya da suka ba malamai horo sun ce a bar yaro ya zana abin da ke damunsa, sannan ya mayar da shi tatsuniya. Haka aka yi. Wata ta zana karen maƙwabtansu. Wani ɗan ƙiriniya ya zana bulalar malamin lissafi har da ƙafafu, aji ya kece da dariya. Malama ta ce ya yi kyau, ba tare da ta duba ba.

Sai Inuwa ya miƙe. Shi ne abokin zaman ɗanta a benci. Tun rasuwar ya daina magana, sai faɗa, har malamai na cewa yaro ya lalace.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta!"

"Wasu yara ne su biyu. Awara ɗaya suke saya su raba. Rannan sai ɗayan bai zo ba."

"Kai, ƙurunƙus tun yanzu?" in ji wata yarinya daga baya.

Ya ɗaga takardarsa. Benci ne dogo, da yaro ɗaya a can ƙarshensa.

"Sunansa Anas."

Idanun 'yan aji duka suka dawo kan Malama. Ita kuwa sunan ya zo mata ne kamar rediyon maƙwabta, tana ji amma ba da ita ake ba.

"Malama," in ji Inuwa, "kakata ta ce in na yi kuka, tafasasshen ruwa ake zuba masa a kabari. Shi ya sa nake riƙewa. Wai da gaske ne?"

Amsa na nan a bakinta a shirye: sai haƙuri. Da ta faɗa, da ya koma ya zauna, an wuce wurin. Amma ta dubi yadda ya datse haƙora, kafaɗunsa a ƙage, ta gane zaman da zai koma ya yi. Shi take yi tun damina.

"Ba haka ba ne," ta ce. "Hawaye ba ya ƙona kowa. Rahama ce Allah ya sa a zuciya. Yi kukanka."

Da farko tari ya yi. Daga nan abin ya ɓalle, irin kukan da ke durƙusar da mutum. Yara biyu-uku suka kama. Ta isa wurinsa ta dafa kansa, hijabinta ya jiƙe sharkaf, ta tsaya tana jiran nata. Ta jira. Idanunta ƙamas, tana ma jin mai rake yana talla a bakin titi.

Da kukan ya fara lafawa, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Inuwa, in ka gama naka, ɗan ƙara kaɗan," ta ce. "Ka yi mini nawa."