Cikin Kajri na Ƙarshe

Ranar ashirin da tara ga Disamba, da sanyin safiya, Mustakim ya durƙusa a gefen goɗiyar nan Kajri yana duba hantsarta kamar yadda ya saba, sai ya ga abin da ya yi wata guda yana roƙon Allah kada ya gani. A bakin kowane nono akwai ɗan ɗigo mai kauri, kamar kyandir ya narke ya daskare. Ya taɓa da yatsa, ya sake leƙawa. Duk mai aikin barga ya san wannan alama. In ta fito, haihuwa ba ta wuce kwana ɗaya ko biyu.

Shekara goma sha bakwai ke nan yana tare da Kajri. Tana da shekara biyu aka damƙa masa ragamarta a filin sukuwa na Mumbai, baƙa wuluk, gajera, mai faɗin ƙugu, ba ta da wani kyan gani. Shi kuma a lokacin bai daɗe da barin ƙauyensu na Bihar ba. 'Ya'yansa mata uku duk an haife su ba ya gida, sai dai a kira shi a waya yana tsaye da buroshi a hannu. Amma babu sukuwar Kajri ko ɗaya da bai tsaya a bakin shinge ba.

Ba ta iya dogon zango ba. Mita dubu da ɗari biyu ce iyakarta, amma a cikin wannan zangon babu dokin da ya isa ya ga gabanta. Sau goma sha huɗu ta fita, ta ci goma sha ɗaya, a Mumbai da Pune da Bangalore. Kafin ƙofar tashi ta gama buɗewa ta riga ta yi gaba, har mahayanta suka riƙa cewa su dai aikinsu riƙe geza ne kawai. Ubanta ingarma ne da aka sauko da shi daga Ailan, mai wani suna da ya gagari bakin 'yan barga, suka sa masa Lat Sahab, wato babban maigida, saboda girman kansa. Ya mutu tuntuni. Uwarta Surmai ita ma ta mutu, kuma Kajri kaɗai ce ta yi suna a cikin 'ya'yanta. Tun da aka dawo da Kajri gonar kiwo ta Farrok Seth a bayan Pune, sau biyu tana ɓari, sau ɗaya ta haifi gawa, sauran shekarun kuwa cikin bai ma shiga ba. Likita ya ce wannan da take ɗauke da shi shi ne na ƙarshe.

Ga kuma dokar kundin asalin dawaki. Duk dokin sukuwa, ranar ɗaya ga Janairu yake ƙara shekara, ko yaushe aka haife shi. Wanda ya faɗo ranar biyu ga Janairu ya dace, don zai girmi sa'o'insa. Wanda ya faɗo a ƙarshen Disamba kuwa, da gari ya waye sabuwar shekara an rubuta shi ɗan shekara ɗaya, alhali cibiyarsa ba ta bushe ba. Duk rayuwarsa da waɗanda suka girme shi da watanni zai yi ta karawa. Babu mai horar da dawaki da zai kalle shi sau biyu.

Bhiku, abokin aikinsa, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da gonar, ya shigo da bokitin dusa, leɓensa cike da garin taba.

"Uban amarya, lafiya ka yi zuru? Ko ta ce ba ta son ka ne yau?"

Mustakim ya nuna masa hantsar. Bhiku ya sunkuya, ya daɗe, sannan ya tofar da tabar a gefe.

"Kai! Wannan tsohuwa ba ta da kalanda ne? Kwana uku fa kacal."

"Haka uwarta take," in ji Mustakim. "Surmai ba ta taɓa cika kwanakinta ba. Jinin gidansu ba ya jira. Na faɗa wa Seth tun Fabrairu, lokacin da zai kai ta barbara, na ce a ƙara mako biyu."

"Ka faɗa masa, ko ka faɗa wa takalminsa? Ina wurin ai. Ko ni da ke kusa da kai ban ji ba."

Gaskiya ne. A ranar ya yi maganar ne ƙasa-ƙasa, kansa a sunkuye, Seth kuwa yana ɗokin samun ɗan Janairu kamar kowane mai gona.

Farrok Seth ya zo da kansa, da rigar sanyi a kan kayan barci. Dattijo ne mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya duba, ya miƙe yana riƙe da ƙugu, ya kira likita a waya. Likita ya ce babu allurar da zai yi wa goɗiya mai shekara goma sha tara don ta riƙe ciki, sai in suna so su rasa uwa da ɗa.

Seth ya kashe wayar ya dube su.

"Ku saurara. Jibi, ranar ƙarshen shekara, mai duba kundi zai zagayo ya ga goɗiyoyin da suka kusa. In ya zo ya same ta da cikinta, ya sa hannu ya tafi, to abin da ya biyo baya tsakaninmu ne da Allah. Kun gane?"

"Mun gane, Seth."

"Mustakim, kai ka san ta. Me za a yi?"

Abu ɗaya ne kawai, kuma duk sun san shi. Goɗiya ba ta son haihuwa ana kallonta. In akwai ido a kanta da hayaniya, takan danne naƙuda ta jira wuri ya yi shiru. To sai a hana wurin yin shiru.

Aka bar fitilar barga a kunne. Bhiku ya kawo rediyonsa ya rataye a ƙusa, ya ƙure murya, ya kuma ɗaura lemun tsami da barkono a bakin ƙofa don maganin kambun baka. Suka raba tsaro, in wannan ya fita wancan ya shiga. Abincinsu ma a nan suke ci, gurasar dawa da miyar wake a kan buhun harawa. Bhiku ya yi ta ba Kajri labarin surukarsa da ƙarfi, yana tambayarta ra'ayinta. Mustakim kuwa sallarsa a bakin ƙofa yake yi, yana sallamewa ya waiwayo.

Ranar talatin ta wuce. Amma Kajri ta daina cin abinci. Nono ya fara zuba a ƙafafunta na baya, ya bushe ya yi fari. Takan zagaya ɗakin, ta tsaya a kusurwa, ta juyo ta dubi Mustakim. Ya san wannan kallo. Haka take yi masa a da, in an gama sukuwa tana so a cire mata sirdi a ba ta wuri. A da yakan kori kowa. Yanzu shi ne ke tsaye a kanta yana kaɗa bokiti.

"Yi haƙuri, 'yata," yake ce mata a kunne. "Ba don ni ba ne. Don ɗanki ne. Kwana ɗaya ya rage."

Ranar talatin da ɗaya, tun da hantsi Seth ya kira mai duba kundi, wani Gokhale Sahab, ya roƙe shi ya fara da gonarsu. Mutumin ya ce yana da gonaki shida, amma zai iso da sha biyu. Sha biyu ta yi, babu shi. Ƙarfe ɗaya Seth ya sake kira. Lokacin yankan rake ne, taraktoci da amalanken shanu sun cika hanyar masana'antar sukari, wata tirela kuma ta kife a kan gada. Gokhale Sahab ya ce yana hango hasumiyar ruwan gonar daga inda yake, amma ko taku ɗaya motar ba ta yi.

"In tura babur ya ɗauko ka?"

Gokhale Sahab ya ce shi da ciwon baya ba ya hawa babur, su ɗan ƙara haƙuri.

Ƙarfe biyu da rabi gumi ya keto wa Kajri a wuya da kafaɗu, duk da sanyin da ake yi. Ta fara tonon ƙasa da kofato. Ta lanƙwasa gwiwa za ta kwanta.

"Tashe ta!" Seth ya daka tsawa. "Fito da ita, zagaya da ita!"

Mustakim ya ja ragama, Bhiku ya tafa hannu a bayanta. Ta miƙe da ƙyar. Suka fito da ita fili, suna zagaya bishiyar darbejiya, tana tafiya tana nishi, cikinta na murɗawa ana gani. Zagaye na huɗu ta sake zubewa. Suka sake tashe ta. Seth na tsaye da waya a kunne, idonsa a kan ƙofar gona.

A zagaye na bakwai faya ta fashe. Ruwan ya zubo a ƙafar Mustakim, da ɗumi. Kajri ta kwanta a kan ciyawa, ta miƙe wuya.

"Tashe ta, Mustakim! Ya ce sun fara motsi. Minti ashirin kawai!"

Mustakim ya ja igiyar. Kanta ya ɗago daga ƙasa ya koma. Ya ƙara ja, ragamar ta shige mata bayan kunne, ta buɗe ido ta dube shi. Ya tsaya riƙe da igiyar, bai ja ba, bai kuma saki ba.

"Seth," in ji Bhiku a hankali, yau babu wasa a muryarsa, "ƙafa ta fito. In ta tashi yanzu, duka biyun za mu binne."

Seth ya sauke wayar.

Ba ta ɗauki lokaci ba. Ƙafafu biyu, sai hanci, sai kafaɗu, Mustakim ya durƙusa ya kama ya taimaka mata da ja ɗaya, duƙushin ya sulɓo a kan ciyawa yana tururi. Ya yage masa rigar haihuwa daga hanci, ya share majinar da tafin hannu. Duƙushin ya yi atishawa. Baƙi ne kamar uwarsa, da faɗin ƙugu irin nata.

Seth ya matso. "Mace ce? Ka ce mini mace ce. In mace ce ko ba ta yi gudu ba za ta haihu, jinin bai yanke ba."

Mustakim ya ɗaga ƙafar baya ya duba. Ya daɗe bai ɗago kai ba.

"Namiji ne, Seth."

Namijin da bai ci sukuwa ba, ba a barinsa ingarma. Dandaƙe shi ake yi, ya ƙare a makarantar koyon hawa, ko a yi masa ado yana ɗaukar angwaye.

Sai ga hon ɗin mota a bakin ƙofa.

Bhiku ya zabura. "Mu kai shi rumbun harawa! Ni zan ɗauke shi."

"Ita kuma fa?" in ji Seth, yana nuna goɗiyar da mabiyiya ke reto a bayanta, cikinta ya faɗa. "Ita ma rumbun za ka kai ta? Ko ce masa za mu yi iska ce ta fita?"

Gokhale Sahab ya ƙaraso yana dafe da baya, siririn mutum mai tabarau, da jakar takardu a hammata. Ya tsaya a bakin shinge. Ya dubi uwar, ya dubi ɗan, ya dubi agogonsa. Ƙarfe uku da 'yan mintoci.

Seth, wanda Mustakim bai taɓa ganin ya roƙi kowa ba, ya haɗa tafin hannuwansa biyu.

"Sahab, awa tara ce. Ka ɗauka cunkoson bai sake ka ba. Ka juya, ka dawo gobe da safe mu sha shayi."

Gokhale Sahab ya cire tabarau ya goge da gefen riga.

"Ina wurin ranar da ta ci kofin nan a Bangalore, Seth. Kwana biyu muryata ba ta fita don ihu. Da ban iso ba, da ban gani ba. Amma ga direbana, ga mai gadinka, ga waɗannan bayin Allah biyu, ga kuma ni. Jiya na rubuta wa wani irin wannan a wata gona, shi ma ya roƙe ni. Me zan ce masa?"

Ya buɗe jakar. Mustakim ya bi alƙalamin da ido. Bai iya karatun boko sosai ba, amma ya san lambobi. A gurbin kwanan wata ya ga an rubuta uku, an rubuta ɗaya.

Seth ya juya ya nufi gida, bai ko yi wa baƙon rakiya ba.

Kajri ta miƙe, ta juyo tana lasar ɗanta tana ƙaramar haniniya. Duƙushin ya turo ƙafafun gaba, ya yunƙura, ya kifa da hanci. Ya sake yunƙurawa. Ko minti ashirin bai cika ba ya tsaya a kan ƙafafunsa huɗu, yana rawar jiki. Mustakim ya ga haihuwar dawaki da yawa a gonar nan, bai taɓa ganin wanda ya tashi da wuri haka ba.

Bhiku ya shiga barga ya kashe rediyon. Da ya dawo ya tsaya kusa da shi, ya ciro gwangwanin tabarsa, ya juya shi a hannu, ya mayar aljihu.

"To, kakan yaro," ya ce, "gobe sai ka sayo mana alewa. Jikanka zai cika shekara."

Mustakim ya so ya yi dariya don kada abokinsa ya ji kunya, amma ta ƙi fitowa. Ya sa hannu ɗaya a ƙirjin duƙushin, ɗaya a bayansa, ya tura shi a hankali zuwa hantsar uwar. Rabin dakashin, nonon farkon da ke kare jariri daga cuta, ya riga ya zube a ƙasa cikin kwana biyun nan. Ya tsaya yana sauraron tsotson, yana lissafin ko abin da ya rage zai ishe shi.