Koren Damagum

A shekarar da aka katse layukan waya a Yobe, ofishin ƙungiyar lafiya da ke unguwar Yerimaram a Potiskum da tauraron ɗan'adam yake magana da rassansa. Zarami ne ya shimfiɗa musu VPN, wata ɓoyayyiyar hanya tsakanin babbar kwamfutar Potiskum da ta kowane reshe. A allonsa kowane reshe ɗigo ne: in ya haɗu kore, in ya yanke ja.

Na Damagum a hannun Oche yake. Batirin sola kan mutu kafin asuba, don haka kullum da safe sai Oche ya buga kalmar sirri da yatsunsa kafin hanyar ta buɗe. Matarsa Augustina ta san da wannan. Tun da aka kai hari Damagum sojoji suka rufe titi, da ta kai yara makaranta sai ta biyo ofishin Potiskum wurin Zarami.

"Injiniya, mutuminka ya tashi?"

"Ga shi nan kore, Maman Destiny."

"Malalaci! Ka ce masa gas ya ƙare."

Ta yi dariya ta tafi. Zarami ya bi bayanta da ido. Kafin harin, Oche ya dame shi da ƙorafin sammako, shi kuwa ya rubuta ɗan shirin da ke sa kwamfutocin su gaisa su buɗe hanyar da kansu. Yanzu koren nan shaidar fitowar rana ce kawai. Saƙonnin da yake ajiye wa Oche a kwamfutar suna nan, ba wanda ya buɗe.

Washegari ya ja mata kujera ya faɗa mata, bai yi kwana-kwana ba.

Ta daɗe tana kallon ɗigon.

"Wato injin ne yake gaishe ni."

"Shi ne."

"To cire abin naka. A bar wa Oche aikinsa."

"In na cire, ba zan iya mayarwa daga nan ba. Sai an je can."

"Cire."

Ya shiga ta hanyar da ya gina, ya goge shirin.

Da safe ta riga shi zuwa, da Destiny a hannu. Rana ta hau kan kwanon ofis. Keke Napep suka fara zirga-zirgar kasuwa. Aka kira azahar, ɗigon yana ja.

"Wataƙila batir ne," in ji Zarami.

"Injiniya," ta ce, "jiya ba ka yi mini ƙarya ba."

Ta gyara wa yarinyar takalmi, suka fita.