Rigar da Kassoum Ya Tuɓe a Ƙofar Firigo

Shekara goma sha ɗaya Kassoum yana gyaran injin jirgi a tashar ruwan Kwatano, kuma duk unguwar Zongo an san hannunsa da sauri. Da wani kamfani ya zo neman mutum uku da za a horar don jiragen da ke keta tekun ƙanƙara a can ƙarshen arewacin duniya, shi bai ma yi tunanin faɗuwa ba.

Amma fa ya faɗi. Jarrabawar ƙarshe a firigo aka yi ta, ɗakin sanyin da ake ajiye kifi: a kwance famfon mai, a mayar. Gogan naku ya jibga rigunan gwanjo har uku, ya afka wa aiki kamar ana korarsa. Gumi ya jiƙa shi sharkaf, sanyi ya bi gumin, yatsu suka ƙi riƙe sufana. Kaftin Fadel, mai horar da su, ya ce saura dama ɗaya, ranar Alhamis.

Kunya ta hana shi cin abinci. Mahaifiyarsa, Inna Lubabatu, wadda ta shekara ashirin tana ɗauko katan-katan na kifi daga irin wannan ɗaki, ta saurare shi, ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Kai da karatunka! A tashar ruwa wanda ya fi gumi shi ne jarumi, na sani. A firigo kuwa gumi ne ke kayar da mutum. Ka rage kaya tun daga ƙofa, ka shiga kana ɗan jin sanyi. In ka ji ɗumi ya taso maka a baya, ka dakata.”

“Inna, ai lokaci ake dubawa.”

“To, ran nan da ka yi sauri, ka gama?”

Ranar Alhamis, a ƙofar firigo, Kassoum ya tuɓe riga ɗaya ya rataye. Sauran masu jarrabawar suka kwashe da dariya, ko a jikinsa. Ya yi aikinsa a natse kamar tsoho mai alwala, sau biyu yana ajiye sufana ya huta. Shi ne na ƙarshen fitowa, saura minti ɗaya. Kaftin Fadel ya shafa bayan rigarsa, ya ji ta a bushe, ya rubuta sunansa.

Da murnarsa ya hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa Zongo. Ya tarar da Inna tana jera kifi a faranti.

“Inna, na ci! Da dabararki na ci!”

“Ai na san za ka ci. Wata nawa za ka yi a can?”

“Tara.”

Hannunta ya tsaya a kan kifin. Sai a lokacin Kassoum ya gane cewa tun ranar da take masa dariya ta san abin da take koya masa shi ne zai raba shi da ita, kuma ba ta rage komai ba.

“Allah ya tsare,” in ji ta. “Matsa, ka tare mini masu saye.”