Furen Kitso a Kabarin Menna

Menna Prosser ta rasu a farkon watan Satumba, ta bar wasiyya ɗaya: a binne ta kusa da mijinta a makabartar cocin garinmu. Da 'yarta Eirlys ta je duba wurin tare da Gwilym mai haƙa kabari, sai suka tarar da Dakta Howells, masaniyar tsirrai, a durƙushe a kai.

Furen da muke kira kitso ne ya fito a wurin, kara goma sha tara. Bai fi tsawon yatsa ba, fararen furanninsa sun nannaɗe karan kamar an kitsa su. Gajeriyar ciyawa yake so, da ƙasar da ba ta san taki ba, shi ya sa yake ta raguwa.

"A matsa da kabarin taku goma," in ji Dakta.

"Shekara arba'in suna gado ɗaya, yau ciyawa za ta raba su?" Eirlys ta ce.

Dakta ta ce ko dasa shi ba ya yiwuwa, domin saiwarsa da wata fumfuna ta cikin ƙasar take rayuwa.

Gwilym, ɗan shekara saba'in da ɗaya, ya soka yatsa a ƙasa. "To ba furen zan ɗauka ba, Dakta. Ƙasar zan ɗauka."

Ya sallami motar haƙa. Da shebur ya yanka saman wurin gida goma sha biyu, kowanne zurfin ƙafa guda, ya jera su kan katako a inuwar katanga yadda suke a da, yana yayyafa musu ruwa safe da yamma. Kwana biyu yana haƙa da hannu.

"Bayanka zai kai ƙararka, tsoho," in ji Eirlys.

"Ya daɗe yana kaiwa, 'yata. Babu alƙalin da ke sauraronsa."

Ranar Juma'a aka binne Menna kusa da mijinta. Gwilym bai yi tudu ba. Ya kwashe ragowar ƙasa a baro, ya mayar da kowane yanki mazauninsa.

Da shekara ta zagayo, Dakta ta durƙusa ta ƙirga furen sau biyu: kara goma sha ɗaya. Eirlys ta zo da furannin kanti, ta duba inda za ta ajiye ba tare da ta danne wani kara ba, ta rasa. Ta miƙa wa Gwilym, wanda ke tsaye a gefe.

"Kai wa matarka gida," ta ce.