Matatar da Na Zaɓo wa Kifin Tsohuwata

Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Jirgin ruwa ya kife da mu, na fito. Rufin masana'anta ya rufto mana, na fito da ƙafata ina karkaɗe riga. Don haka da autarmu ta ce kifayen uwarta na mutuwa saboda ruwansu ya gurɓace, sai an sa musu matata, na ce ta bar mini wannan.

Tankin kifayen na gilashi ne, bai fi bokiti ba, yana kan tebur a gefen gadon tsohuwata, uwar 'ya'yana. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta magana, ba ta kuma buɗe wa cokali baki sai an juya ta tana kallon kifayen nan. Saura ɗaya, ja, mai jela kamar mayafi. In ya tafi, ban san da me za mu lallashe ta ta ci abinci ba.

Da na je shagon da ake sayar da kifin ado, mai shagon ya miƙo mini wata 'yar matata.

"Baba, wannan ta soso ce, a hankali take aiki. Ita ta dace da ƙaramin tanki."

"Soso? Wanke-wanke na ce maka zan yi? Waccan baƙar fa, mai kama da janareta?"

"Ta babban tanki ce. Irin kifinka ba ya son ruwa mai gudu."

"Kifin da ba ya son ruwa mai gudu! Ɗana, ruwan da na haɗiya ya fi wanda ka yi wanka da shi tun haihuwarka. Naɗe mini ita."

"To, Baba, Allah ya sa a dace. Amma in ta taɓa ruwa ba a dawo da ita."

Da hannuna na haɗa ta, ko takardar cikin kwalin ban nemi a karanta mini ba. Kafin yamma ruwa ya yi garau. Kifin na ta kokawa da igiyar ruwan, ta maka shi jikin gilashi, ya dawo, ta sake maka shi.

"Kin gani, tsohuwa? Motsa jini yake."

Hannunta mai lafiya na ta bubbuga katifa. Na ce ai tafi take mini.

Auta ta ce, "Baba, don Allah a kashe ta. Dubi yadda yake haki."

"Wahala ba ta kisa, 'yar nan. Da tana kisa, wa zai haife ki?"

Da safe muka same shi manne a bakin matatar, ta zuƙe jelarsa, ya mutu. Kifin zamani ke nan, kamar 'ya'yan zamani, ba ƙashi ba juriya.

Na koma shagon na sayo wani ja, sak irinsa, har da 'yar matatar soson nan, don dai auta ta daina kuka. Na juya tsohuwa da kaina, na ɗebo abinci.

"Ga mutuminki nan ya warke. Buɗe baki."

Ta dubi kifin sau ɗaya. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sannan ta rufe ido, ta datse haƙora.

Ni da na taɓa ɗaga ƙarfen rufi da kafaɗata, ga ni tsaye da cokali. Abincin ya huce, na sa aka ɗumama, ya sake hucewa.